Kwana Huɗu Ina Cewa Da Sauƙi

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya ranar Litinin da hantsi, bayan kwana tara tana kwance a asibiti da hawan jinin da ya shanye mata ɓarin jiki. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ni na naɗe tabarmar jinya, na haɗa filas da buta da kwanuka, na sa a bayan mota. Ina jin hannuwana suna aiki, amma kamar na wata ne na aro. Ban yi kuka ba a ranar, kuma har yau da nake wannan rubutu kukan bai zo ba.

Gidanmu na cikin gari ya cika. Baba, ƙanenta, wanda shi ma ya ba saba'in baya, ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya zo sai Baba ya ce masa yanzu shi ne babba a gidan, da muryar wanda aka ɗora wa kayan da bai nema ba. Kawu ya iso daga Dutsi da ƙurar gona a ƙafarsa, ya yi addu'a, ya ce yanzu kuma wa zai riƙa yi masa faɗa. Dangin mijinta marigayi suka zo daga Mashi a kan babura, mata biyu-biyu, suna ta tuna kaifin bakinta suna share hawaye, wata ma har dariya ta kufce mata ta yi saurin rufe baki da mayafi. Wata tsohuwa daga Babban Mutum, wadda babu wanda ya san ta a gidan, ta zauna kusa da randa ta ce jikarta ce ta yi makarantar Gwaggo, kuma ba don Gwaggo ba da yarinyar ta gudo gida tun zangon farko. Sai kuma tsofaffin ɗalibai, wasu da goyo, wasu sun zama likitoci, duk suka zube a tabarma suna cewa Inna ta tafi. A makaranta Inna ake ce mata.

Makarantar sakandare ce ta kwana a bayan gari, irin wadda ake aiko mata da takardun jarrabawa daga ƙasashen waje. Akwai 'ya'yan Daura da Katsina da Kano, akwai na Nijar, akwai ma waɗanda aka haifa a Turai aka turo su su koyi zaman gida. Gwaggo ce metiron ɗin 'yan mata tun ranar da aka buɗe ta, wato mai kula da su a ɗakin kwana. Ni kuma shekara huɗu ke nan ina riƙe da ofishin kula da walwalar ɗalibai, da digirina a bango.

Da yamma shugaban makarantar ya zo ta'aziyya. Mutumin kirki ne, baƙo a ƙasar nan, ya koyi cire takalmi da tsugunawa. Da zai tafi ya ja ni gefe a soro ya ce 'yan ajin ƙarshe suna tsakiyar jarrabawa, saura kwana tara su gama. Ɗalibai ba sa riƙe waya. Idan malamai da masu dafa abinci da masu gadi suka kama bakinsu, yaran za su ci gaba da zaton Inna tana asibiti har a ajiye biro. Ya ambaci yarinya ɗaya, 'yar Magaria, ya ce ni ma na san abin da zai faru idan ta ji. Na ce to. Ko tunani ban yi ba, to ɗin ya fita da kansa. Gwaggo ba ta yi awa uku a ƙasa ba na amince a yi mata abin da ta fi ƙi a duniya.

Uwata take kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Amma tun da na kama aiki sai ta ƙara mini laƙabi, na zama Uwata mai fom. Ofishina yana da kujeru biyu masu laushi suna fuskantar juna, da akwatin takardar share hawaye, da fom mai shafi uku. An koya mana cewa ka dubi yaro ido cikin ido, ka tambaye shi yadda yake ji. Wata guda na yi ina zaune, ba wanda ya leƙo sai mai shara. Gwaggo ta shigo wata rana, ta dubi kujerun, ta gwada ɗaya ta ce tana da daɗi, sannan ta tambaye ni yaushe na taɓa ganin 'yar Bahaushe ta ƙura wa babba ido tana faɗin damuwarta. Ta ce kuma ƙofar ofishin tana kallon filin taro, duk wadda ta shigo kafin ta fita an yi mata waƙa.

Nata ofishin tabarma ce a ƙarƙashin dalbejiyar bayan ɗakin kwana, ranar Asabar bayan wanki. Kitso take yi. Ba ta iya na zamani ba, shuku ne da kalaba, kuma hannunta da zafi, amma layi ake yi. Yarinya ta zauna ta ba ta baya, ba mai ganin idon wani, tsinke yana tsaga gashi, sai magana ta fara zuba. A nan take jin wadda iyayenta suka rabu, da wadda ake tsokana saboda Hausarta ta karye, da wadda ta daina cin abinci don an ce ta yi ƙiba. Wadda ba ta magana kuwa, Gwaggo ta ce kanta yana yi: in ta ga tsohon kitso ya wuce sati uku ba a tsefe ba, ta san akwai abin da ke cin mai shi. Sai ta aika a kira ta, ta ce kan nan ya zama sheƙar ɓera, zauna.

Ba ta da taushi, kada a yi mata ƙarya don ta mutu. Tana iya tsayar da yarinya a gaban kowa saboda ta bar kwano a gado. Tana da 'yan gaban goshi, kuma ba ta ɓoyewa. Yaran da aka haifa a Turai sun sha wuya a hannunta kafin su koyi rusunawa. Idan malami ya kawo ƙarar ɗaliba tana barci a aji, sai ta tambaye shi ko ya taɓa jin karatun nasa da kunnensa. Amma a jakarta kullum akwai ƙuli-ƙuli da dabino, kuma ta san wadda ke ciwon mara kafin ranar ta zo, ta ajiye mata ruwan zafi ba tare da kowa ya sani ba. Yaran Nijar da ke zuwa da Faransanci da Hausa, babu Turanci ko na sallama, ita ke zama kusa da su a ɗakin cin abinci satin farko, tana yi musu hirar kasuwar Mai'aduwa har su saki jiki.

Faɗanmu na farko a kan fom ne. Dokar makaranta ta ce duk abin da ɗalibi ya faɗa na damuwa a rubuta a kawo ofishina. Gwaggo ta ce amana ba ta shiga fayil. Na karanta mata doka, na yi mata Turanci, na ce idan wani abu ya sami yarinya wa zai amsa. Ta bar ni na gama tukuna.

“Uwata, in abin na cutarwa ne, da ƙafata zan zo in gaya miki, in kai ki har gaban shugaba. Amma yarinya ta ce min tana kewar uwarta, in rubuta a takarda in sa lamba? Ke kanki da kika yi fitsarin kwance har aji huɗu, wa na rubuta wa?”

Na yi sati ba na gaishe ta sai a gida. Daga baya muka yi sulhu irin namu, ba wanda ya ce ya yi kuskure. Na sa aka juya ƙofar ofishina ta koma ta baya, na kawar da kujera ɗaya na shimfiɗa darduma. Ita kuma ta fara turo mini waɗanda ta ce ciwonsu ya fi ƙarfin tsinke, irin wadda ke yanka hannunta da reza, da wadda numfashi ke sarƙe mata in an raba takardar jarrabawa. A gabana ba ta taɓa yabon aikina ba. Sai a wurin makokin nan na ji daga bakin matan Mashi cewa duk inda ta zauna sai ta ce 'yar ƙanenta likitar zuciya ce.

Akwai aikin da ba a rubuta a takardar kowa ba, amma kowa ya san nata ne: faɗin mutuwa. Idan aka yi waya daga gidan ɗaliba, Gwaggo ake nema. Ba ta yarda da abin da muka gada ba, na a ce wa yaro ana nemanka a gida, jikin wane ya ɗan matsa. Takan sa yarinya ta yi alwala, ta zaunar da ita, ta riƙe hannunta, ta faɗa mata da sunan wanda ya rasu da lokacin. Sau ɗaya ta gaya mini dalili. Tana kwalejin horon malamai mata mahaifiyarta ta rasu, aka ɓoye mata har hutu don kada karatu ya lalace. Ta dawo gida da turmin atamfa da ta yi mata tsaraba, ta tarar an garƙame ƙofar ɗakin mahaifiyar da kwaɗo. Ta ce mutuwar ta haƙura da ita tuntuni, amma wasiƙu biyun da aka rubuto mata ana cewa kowa lafiya, su ne ba su taɓa wuce mata ba.

Bara, daidai irin wannan lokaci, mahaifiyar 'yar Magaria ta rasu wajen haihuwa. Yarinyar tana ajin ƙarshe, ita ce ta ɗaya a kimiyya, saura mata takarda biyar. Mahaifinta ya zo da kansa washegari, bai bari ta gan shi ba, ya zauna a ofishin shugaba ya roƙe mu da girman Allah kada a gaya mata sai ta gama. Ya ce burin marigayiyar ke nan, 'yarta ta zama likita. Shugaba ya amince. Ni ma na amince, har na kawo hujja daga littafi. Gwaggo kaɗai ta ce a'a. Ta ce jarrabawa ana sake ta baɗi, amma zaman makokin uwa sau ɗaya ne. Sai mutumin ya sauko daga kujera ya durƙusa mata yana kuka. Uba ne, kuma gawar matarsa ba ta kwana biyu ba. Gwaggo ta yi shiru, shirun nan aka ɗauka a matsayin yarda.

Ranar Asabar ɗin ba ta yi kitso ba, ta ce hannunta ke ciwo. Ban taɓa jin ta yi ƙarya ba sai ranar. Ta san in yarinyar ta zauna ta ba ta baya, ba za ta iya ba.

Mun gargaɗi malamai, mun gargaɗi masu kicin. Muka manta da tsohon mai gadin ƙofar baya, wanda shi ya buɗe wa uban ƙofa, direban uban kuma ya gaya masa abin da ya kawo su. Kwana shida yana ganin yarinyar daga nesa abin yana damunsa, don a wurinsa wuce maraya ba gaisuwa rashin tarbiyya ne. Da safen da za ta rubuta kimiyyar sinadarai ta bi ta gabansa da biro a hannu. Ya miƙe ya cire hula, ya ce mata ya haƙuri, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa ta huta.

Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗakin jarrabawa ta zauna, ta yi awa biyu tana kallon takarda, ko sunanta ba ta rubuta ba. Sauran takardun ma haka.

Gwaggo ce ta kai ta gida, ta bi ta Babban Mutum suka tsallaka iyaka, ta kwana uku a can. Da sabuwar shekarar karatu ta zo yarinyar ta ƙi dawowa, Gwaggo ta sake komawa. Ta dawo da ita, a kan za ta maimaita aji, uban kuma ya ce wannan ne karo na ƙarshe, in ba ta samu ba ta zauna gida ta riƙe ƙannenta. Ranar da suka iso Gwaggo ta kira ni ɗakinta. A gabana, tsohuwa mai shekara saba'in da biyar ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa daidai da yarinya 'yar sha bakwai, ta nemi gafararta.

“Na san abin, na yi shiru. Ba za a ƙara ɓoye miki komai a makarantar nan ba, daɗi ko wuya. Ga Uwata nan, ita ce shaida.”

Na ce na shaida. Yarinyar ta yi wata biyu ba ta kula kowa sai Gwaggo, daga baya a hankali ta fara leƙowa ofishina ta ƙofar baya. Ta koma ta ɗaya a aji.

Wannan ita ce yarinyar da na tarar a bakin ofishina ranar Talata, washegarin jana'iza, tana jirana da littafi a ƙirji. Ta gaishe ni, ta ce ya jikin Inna. Na ce da sauƙi. Laraba ta dawo, na ce da sauƙi. Ran nan a gida ake shirin sadakar uku, na fito daga cikin masu tuƙa tuwo na wanke hannu na zo na faɗa mata haka. Na riƙa canza mayafi a mota don kada ta ji ƙaurin hayaƙi. Mai gadin ƙofar baya kuwa, ni da kaina na sa aka ba shi hutun sati biyu. Ranar Alhamis ta tambaya ko Inna tana cin abinci, na ce ta sha kunu da safe, har ta nemi ƙari. Ban san daga ina ƙarin nan ya fito ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji komai ba. Bakina yana faɗa, ni ina gefe ina kallo.

Ina da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Karo na ƙarshe ne gare ta. Inna ba mahaifiyarta ba ce. Kwana tara ba shekara ba ne. Na ce wa kaina da Gwaggo za ta iya magana, da ita ma ta ce a bari yarinya ta gama. Na san ƙarya nake, domin na san abin da ta ce lokacin da take iya maganar.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci yarinyar ta shigo da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta rubuta kimiyyar sinadarai, takardar da ta bari fara bara, kuma ta amsa duka. Ta ce in na je asibiti in gaya wa Inna ta rubuta sunanta a wannan karon. Na ce zan gaya mata. Ta kai ƙofa sai ta juyo.

“Malama, 'yan ɗakinmu suna ta cewa shirun ya yi yawa, wai ko wani abu ne. Na ce musu su kwantar da hankalinsu. In da wani abu, ai da kin gaya min.”

Na ce ta dawo. Ban sa ta alwala ba, ban riƙe hannunta ba, duk abin da na ga Gwaggo tana yi ya ɓace mini. A tsaye na faɗa mata, ina kallon bango. Na ce Inna ta rasu.

Ta tambaye ni yaushe. Na ce Litinin. Na ga tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya a jikin siket ɗinta, ta tsaya a na huɗu.

“Jiya kin ce ta sha kunu.”

Ta jira kaɗan, kamar yadda ɗalibi ke jiran malami ya gama tunani, da ta ga babu abin da zai fito sai ta ce in ba ta izini. Ta fita ta ja ƙofar a hankali.

Bayan sallar Juma'a na tara sauran 'yan matan na gaya musu. Shugaba bai yi faɗa ba, ya dai ce yana fata na san abin da na yi. Ban sani ba. Ranar sadakar bakwai motar makaranta ta kawo su gidanmu. 'Yar Magaria ba ta zauna cikin baƙi ba, ta wuce kai tsaye ta zauna a layinmu, na masu karɓar gaisuwa, kuma ba wanda ya tashe ta. Takardu biyun da suka rage ta shiga ta zauna, mai tsaron jarrabawa ya ce ta yi rubutu har aka karɓa. Abin da ta rubuta sai sakamako ya fito, watanni nan gaba. Idan mun haɗu tana rusunawa ta gaishe ni cikin ladabi, yadda ake gaida malamar da ba a sani ba. Ba ta sake shigowa ofishina ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabari, ya saka mata da alheri a kan kowace yarinya da ta riƙe kamar ita ta haifa. Duk wadda Inna ta taɓa tsawata wa fiye da kima, ina roƙonta ta yafe mata, kamar yadda liman ya roƙi jama'a kafin a ɗauke ta, kowa kuma ya amsa ya yafe. Ita an yi mata wannan gatan. Ni da ta kafa shaida, ban san wurin da zan je in roƙi Gwaggo gafara ba.